Madugu uban tafiya: tarihin manajojin kamfanonin waya da rabon karkara

Ga waɗanda data ba ta bari su saurara ba, ga rubutaccen shirin nan kamar yadda muka saba.

Yau tarihi za mu taɓa, amma tarihin da yake cikin aljihun kowannenmu. Maganar kamfanonin waya ce, da mutanen da ake ɗorawa a kansu duk lokacin da aka ce za a yi garambawul: janar manaja, ko manajan darakta, ko shugaban kamfani, duk sunan da aka ba shi. Mu da muke Bichi, Dambatta, Makoɗa, Kunci, Tsanyawa, Ɓagwai, Dawakin Tofa da Minjibir, sai mu ga kamar wannan zancen mutanen Legas da Abuja ne. To wallahi namu ne. Ko ƙarfen sabis zai tsaya a bayan garinku ko ba zai tsaya ba, a teburin irin wannan mutumin ake yanke shi.

Bari in fara da bambance abu uku, don ana yawan cakuɗa su. Akwai masu kamfani, wato waɗanda suka zuba kuɗi. Akwai hukumar daraktoci, masu zama lokaci-lokaci su sa ido. Sannan akwai manaja, mai riƙe da aikin yau da gobe. Kakanninmu fatake sun san wannan tsarin tun kafin zuwan Bature. Ayarin da zai tafi Gwanja sayen goro, kaya na attajirai ne, jakuna na masu su ne, amma madugu ne yake cewa ga hanyar da za a bi, ga inda za a ya da zango. Garin da madugu bai sa a hanya ba, sai dai ya ji labarin ayari. Ku riƙe wannan, da shi za mu auna duk abin da zai biyo baya.

Lokacin da Najeriya ta samu 'yancin kai a 1960, layukan tarho a duk faɗin ƙasar 18,724 ne, ga mutane wajen miliyan 40. Turawa sun ja waya ne don ofisoshinsu, da tashoshin jirgin ƙasa, da kantunan kamfanoninsu. Bayan tafiyarsu harkar ta rabu biyu: wayar cikin gida tana hannun ma'aikatar gidan waya da ake kira P&T, kiran ƙasashen waje kuma yana hannun kamfanin NET. A 1985 aka yi babban garambawul na farko. Aka cire ɓangaren tarho daga P&T aka haɗe shi da NET, aka samu NITEL, aikin wasiƙa kuma ya koma NIPOST.

NITEL ya tashi da gata: shi kaɗai ne, babu abokin gasa. Amma manajan NITEL, wa yake yi wa aiki? Gwamnati ce ta naɗa shi, minista ne zai iya cire shi da safe ɗaya. Don haka idonsa yana kan gidan gwamnati, da barikin soja, da unguwannin manya. In layin babban mutum ya mutu, kujerarsa ta girgiza. In ƙaramar hukuma guda ba ta da layi ko ɗaya mai aiki, babu mai tambayarsa. A wancan zamanin ne aka jingina wa ministan sadarwa na mulkin Babangida, David Mark, maganar nan cewa tarho ba na talaka ba ne. Shi dai ya sha cewa an juya masa magana, amma abin da ya sa ta zauna a bakin mutane shi ne ta yi daidai da abin da suke gani. Bayan shekara 15 da kafa NITEL, layukan da ke aiki ba su wuce wajen rabin miliyan ba, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 100.

Ku tambayi iyayenmu yadda ake saƙo a lokacin. Ɗan ci-rani a Legas ko Fatakwal sai ya ba direban mota wasiƙa da ɗan abin da ya samu, a kawo tasha, yaro ya karanta wa tsohuwa. Na Makka kuwa kaset suke ɗauka su aiko, a taru a tsakar gida a saurara. In rasuwa aka yi, sai an tashi mutum takanas, wani lokacin kafin labari ya isa an yi sadakar uku. Lambar Kano 064 ce, amma wannan lambar ta birni ce. Mai son kira sai ya shiga mota ya je ya bi layi.

A nan akwai abin da nake so mu lura da shi. Hujjar da aka saba kawowa ita ce ƙauyuka a warwatse suke, jan waya zuwa can asara ce. To wannan hujjar ba ta hau kanmu ba. Ƙasar Kano ta kewayen birni tana cikin yankunan karkara mafi cikar jama'a a Afirka ta Yamma. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, tun shekarun 1960 yake nazarin wannan yanki saboda hakan: gona na jikin gona, gari na hango gari, ba a barin saura, taki da shara daga birni a kan jakuna suke fitowa. Mutane suna nan, kasuwanni suna ci, kuɗi yana juyawa. Abin da babu shi ne wanda aka ce wa aikinsa ne ya iso gare su.

Sai aka zo 2001. Hukumar NCC, wadda aka kafa tun 1992, a ƙarƙashin Ernest Ndukwe ta yi gwanjon lasisin wayar salula a watan Janairu. Kowane lasisi dala miliyan 285. MTN da Econet suka biya, aka ajiye wa NITEL nasa, wanda reshensa na M-Tel ya riƙe. A watan Agusta aka fara kira. Lasisin kuma da sharaɗi ya zo: kowane kamfani ya haɗa layi 100,000 a shekarar farko, miliyan 1.5 cikin shekara biyar. Kun ga an rubuta wa madugu inda zai kai ayari, an kuma sa masa rana. Da farko abin na masu hali ne, layi kaɗai ana sayensa naira dubu 20 ko fiye, minti ɗaya naira 50, ko daƙiƙa biyar ka yi an cire maka na minti. Da Glo na Mike Adenuga ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, sauran da suke cewa ba zai yiwu ba tukuna, nan da nan suka bi. In kiɗa ya canza, dole rawa ta canza.

Shi kuwa NITEL, gwamnatin Obasanjo ta yanke shawarar cefanar da shi. A ƙarshen 2001 wani kamfani mai suna IILL ya ci cinikin kashi 51 cikin ɗari a kan dala biliyan 1.3 da ɗoriya. Ya ba da kafin alƙalami, ya kasa cika sauran, ciniki ya rushe a 2002. Daga nan hukumar BPE mai kula da cefanar da kadarorin gwamnati, wadda Malam Nasiru El-Rufa'i yake shugabanta a lokacin, ta ɗauki wata dabara: tunda ba a samu mai saye ba, a ɗauko manajojin haya su gyara kamfanin, in ya yi kyan gani a sake kai shi kasuwa. A 2003 aka ba wani kamfanin ƙasar Holan mai suna Pentascope kwangilar shekara uku, aka kawo Rein Zwolsman ya zama shugaban NITEL.

Wannan shi ne gurbin da ya fi dacewa a tsaya a kansa, don a nan ne aka gwada tunanin nan na cewa matsalar kamfani manaja ce kawai, a sauya shi a huta. Tun farko masu suka sun ce Pentascope ƙaramin kamfanin ba da shawara ne, bai taɓa riƙe kamfanin waya mai girman NITEL ba. Waɗanda suka zaɓe shi kuma sun kare kansu da cewa an bi ƙa'idar tantancewa. Abin da ya biyo baya dai bai ɓuya ba. Alkaluman da aka yi ta bugawa a lokacin sun nuna kamfanin da ya ci ribar wajen naira biliyan 15 a 2002 ya koma asarar wajen biliyan 19 a 2003, layukan da ke aiki kuma suka sauko daga sama da 500,000 zuwa ƙasa da 300,000. Majalisar Wakilai ta yi bincike, a farkon 2005 aka soke kwangilar tun wa'adinta bai cika ba.

Adalci shi ne a faɗi ɗaya ɓangaren. Ko wa aka kawo a 2003 zai sha wuya. Kamfanonin salula suna kwashe masu kira kullum, ma'aikatun gwamnati sun ci bashin NITEL sun ƙi biya, kayan aiki sun tsufa, ga hannun 'yan siyasa a cikin kowace kwangila. Amma fa wannan shi ne darasin. An sauya mutumin da ke kan kujera, an bar duk igiyoyin da suka ɗaure kujerar. Sannan shi manajan haya ba kuɗinsa ne a ciki ba. In kamfani ya tashi, ya samu lada. In ya faɗi, ya ɗauki jakarsa ya hau jirgi. Duk wanda ya taɓa ba da gona a hannun wanda ba zai ci daga amfaninta ba, ya san yadda shuka take fitowa.

Daga nan sai abin ya zama kamar tallan da ya kwana. A ƙarshen 2005 Orascom na ƙasar Masar ya taya dala miliyan 256 da 'yan kai, gwamnati ta ce albarka. A 2006 aka sayar wa Transcorp kashi 51 a kan dala miliyan 500. Kamfani ne sabo fil na 'yan kasuwar gida, bai taɓa gudanar da harkar waya ba, kuma abokin aikin da ya dogara da shi, BT na Ingila, ya janye. Ma'aikata suka yi watanni babu albashi. A 2009 gwamnatin Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ta karɓe kamfanin. A 2010 wasu suka taya dala biliyan 2.5, su ma suka kasa biya. Sai a ƙarshen 2014 aka sayar da kadarorin ga NATCOM a kan dala miliyan 252, suka fito da ntel a 2016, a Legas da Abuja, daga baya Fatakwal. Ku duba lissafin: abin da aka taya biliyan 1.3, bayan shekara 13 an sallama shi a ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na wannan kuɗin. Dubban ma'aikata suka rasa aiki, tsofaffi suka yi shekaru suna bin haƙƙinsu. Kuma a duk wannan jerin shugabannin, babu wanda aka kora saboda Kunci ba ta da waya. Ko shirin wayar karkara da gwamnati ta ciyo bashi daga China dominsa a shekarun 2000, haka ya shiririce.

Yanzu mu juya ga masu 0802. Wanda ya sayi layin Econet a 2001 kuma ya riƙe shi, ya ga aƙalla suna biyar a fuskar wayarsa: Econet, sai Vmobile a 2004, Celtel a 2006, Zain a 2008, Airtel a 2010. An yi rigimar masu hannun jari da Strive Masiyiwa, ɗan Zimbabuwe da ya kafa Econet, har kotu. Vodacom na Afirka ta Kudu ya shigo a 2004 ya fita cikin ɗan lokaci. Masu sayar da kati a ƙarƙashin lema sun gaji da sauya fenti. To me ya sa wannan kamfanin bai mutu ba, alhali shi ma ya sha garambawul kamar NITEL? A fahimtata dalili biyu ne. Na farko, waɗanda suka saye shi daga baya, Celtel da Mo Ibrahim ya kafa, Zain na Kuwaiti, Bharti na Indiya, duk harkar waya ce sana'arsu, kuma kuɗinsu suka zuba. Na biyu, duk manajan da aka kawo, ma'auninsa ɗaya ne: mutum nawa ke kan layinka, nawa suke kashewa. Da birane suka cika, ba inda za a samo sababbin mutane sai karkara. Abin da ya kawo ƙarfen sabis garuruwanmu kenan. Ba tausayi ba ne, lissafi ne ya biyo ta kanmu.

Kada kuma a ɗauka kamfanin 'yan kasuwa ba ya tuntuɓe. Etisalat ya shigo a 2008 da 0809, matasan Arewa suka rungume shi. A 2017 bashin dala biliyan 1.2 na bankuna 13 ya taso masa, uwar kamfanin ta Daular Larabawa ta zare hannu, Babban Banki da NCC suka shiga tsakani aka naɗa shugabannin riƙo, suna ya koma 9mobile. Aikin da aka ba shugabannin riƙon shi ne kada kamfani ya rufe, a samo mai saye. Faɗaɗa sabis ba ya cikin lissafi. Kamfanin da ya taɓa haura layi miliyan 20, zuwa ƙarshen 2024 bai kai miliyan 4 ba. Kuma a irin wannan tsukewar, wurin da ake fara janye jiki shi ne inda ciniki ya fi ƙanƙanta. Kun san ko ina ne.

Akwai wani garambawul ɗin da aka yi shiru, wanda da yawanmu ba mu sani ba. A 2014 manyan kamfanonin suka fara sayar da ƙarafunan sabis ɗinsu. MTN ya miƙa wajen 9,000 ga IHS, Airtel ya sayar da wajen 4,800 ga American Tower, suka koma 'yan haya a kansu. Ma'ana, ƙarfen da ke bayan garinku, mai yiwuwa ba na kamfanin da sunansa ke kan wayarka ba ne. Wani ne mai ƙarfen, wani ne ɗan kwangilar kawo man dizal, wani ne ya ɗauki maigadi. Shi ya sa in janareta ya tsaya sabis ya ɗauke kwana uku, za ka rasa ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Madugu ya zama uku, kowa yana nuna ɗan uwansa.

Me ya sa nake ɗaga murya a kan wannan yanzu? Saboda sabis ya tashi daga abin gayu ya koma abin rayuwa. Manomin rani a Watari ko Tomas, kafin ya ɗebi tumatir sai ya ji farashin 'Yankaba da na Legas. Dillalin Dawanau da waya yake haɗa mota guda ta hatsi. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, mun ga yadda mutum zai kai akuya kasuwa, a yi ciniki, tiransifa ta maƙale, a wuni a gindin mai POS. A watan Satumba na 2021 da aka rufe layuka a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda tsaro, maƙwabtanmu sun ɗanɗana komawa zamanin wasiƙa. Rajistar jarrabawa, duba sakamako, kiran mai mota in naƙuda ta zo da gardama cikin dare, duk a kan wannan ƙarfen suke. Har gobe akwai unguwannin da kowa ya san bishiyar da ake zuwa gindinta a ɗaga waya sama. A Janairun 2025 kuma NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Mun biya ƙarin daidai da na birni. Sabis ɗin fa, daidai yake da na birni?

Abin da tarihin nan ya koya mini shi ne, duk lokacin da kuka ji an ce an yi wa wani kamfani ko hukuma garambawul, an naɗa sabon manaja, kada mu tsaya a kan ɗan ina ne, ko hotonsa da babbar riga. Mu yi tambaya uku. Wa ya naɗa shi, wa zai iya cire shi? Da me za a auna shi a ƙarshen shekara? In ya gaza, me zai rasa? In amsar ta biyu babu sunan karkara a ciki, to ko ɗan unguwarku ne, ba za ku gan shi ba. Wannan ma'aunin ya hau kan wutar lantarki ma, wadda ta tashi daga NEPA zuwa PHCN zuwa KEDCO, amma wannan shiri ne mai zaman kansa.

Kuma muna da abin yi, ba ƙorafi kaɗai ba. Dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusun USPF, wanda aikinsa shi ne tallafa wa kai sabis inda 'yan kasuwa suke ganin babu riba. NCC tana da lambar ƙorafi kyauta, 622, ga wanda ya kai kuka kamfaninsa ba a share masa hawaye ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi bayani. Ƙungiyoyin matasa da na ɗalibai na kowace mazaɓa za su iya zama su rubuta sunayen unguwannin da babu sabis, da yawan gidaje, da kasuwa, makaranta da asibitin da ke wurin, mai unguwa da dagaci su sa hannu, a kai wa ɗan majalisar tarayya, a aika wa hukumar, a ajiye kwafi. Manaja da lamba yake aiki. Garin da bai shiga takarda ba, a wurinsa babu shi. Mu shigar da kanmu.

Nan za mu dakata a yau. Wanda yake da dattijo a gida da ya yi aiki a P&T ko NITEL, don Allah ya zauna da shi ya ji daga bakinsa, don irin wannan tarihin yana tafiya da masu shi. Ku tura wa 'yan uwa, musamman shugabannin ƙungiyoyin garuruwanku. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.